Kwandon da Ya Yi Masa Ƙarya: Nazarin Shigar Wani Bazazzagi Gasar Ƙwararru ta Golf ɗin Faifai

Asali: 2019 zuwa Oktoba 2022

Mutumin da wannan nazari ya shafa haifaffen Tudun Wadar Zariya ne, mazaunin Samaru, yana da shekara 33 lokacin da lamarin ya fara. Ilmin gandun daji ya karanta. Tsakanin 2019 da 2021 ya yi digirinsa na biyu a ƙasar Finland, a can ne kuma abokan karatu suka koya masa wasan da mu a nan muka laƙaba wa suna golf ɗin faifai. Ni maƙwabcinsa ne, malamin motsa jiki a wata sakandare. Rawar da na taka ba ta wuce riƙon littafi da tef ɗin awo ba, kuma duk wani adadi da ya shafi jifansa a rubutun nan daga littafin ya fito.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Tsarin golf ne, sai dai babu sanda babu ƙwallo. Faifan roba ake jefawa, faɗinsa santimita 21 da 'yan kai, nauyinsa galibi kusa da giram 175, ana nufin wani kwandon ƙarfe da ke kan turke, wanda aka rataya wa sarƙoƙi daga sama don su tare faifan ya zube ciki. Daga wurin farawa zuwa kwando shi ne zango ɗaya, zagaye guda kuma zango 18 ne. Inda faifanka ya faɗi, daga nan za ka sake jifa. Kowane zango da mizaninsa, wato yawan jifan da ake sa ran gwani zai yi kafin ya zura, yawanci 3, wani sa'in 4 ko 5. Wanda ya fi kowa ƙarancin jifa shi ya ci. Wani Ba'amurke, Ed Headrick, shi ya ƙirƙiro kwando mai sarƙa, shi ne kuma ya kafa hukumar wasan, PDGA, a 1976. In ka cire Amurka babu ƙasar da ta kai Finland yawan filayen wasan, shi ya sa ɗalibin da aka tura karatun itatuwa ya dawo gida da faifai 14 a akwati. Da Hajiyarsa ta gan su jere a kan tabarma sai ta ce, "Kai kuma tallan fura za ka fara?" Yaran layinmu suka ɗauka, har yau Malam mai faifai suke ce masa.

PDGA tana ba 'yan wasanta maki bisa zagayen da suka buga a gasa. Maki 1000 shi ne ma'aunin gwanin gaske, manyan duniya irin su Paul McBeth, wanda ya ci gasar duniya sau 6, sun haura 1040. A fili mai matsakaicin tsawo, jifa ɗaya ya kan tashi maki 8 zuwa 10. Mutuminmu ya baro Finland da 915.

A Oktoba 2022 ya samu gurbin digiri na uku a tsohuwar jami'arsa ta Finland, bisa tsarin zai yi aikin fili a Najeriya, ya riƙa zuwa can wata biyu a lokacin bazararsu. A garin akwai wata gasa ta kwana biyu da ake yi a watan Yuli, zagaye 3. Ya ƙudurta zai shiga rukunin ƙwararru, wanda ake kira MPO, inda ake raba kuɗi, kuma a ƙananan gasa irin wannan ba a hana kowa shiga. Na tambaye shi me ya hana shi tsayawa rukunin masu wasa don nishaɗi. Ya ce in za ka sha giya sha ta dubu.

Matsalar ke nan a fili: wata tara zai yi yana shiri a garin da babu kwando, babu filin wasan, babu ko mutum ɗaya da zai kara da shi.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: neman nisa

Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne nisa. Shi yake gani a YouTube, manya suna sakin faifai ya tafi mita 150 kamar an harba shi daga baka. Da aka kwashe masara da dawa, gonakin hanyar Shika suka zama fili fetal, sai muka riƙa zuwa sau huɗu a mako bayan la'asar. Yana jifa 60 zuwa 70, yara biyu suna tsinto masa, ni ina jan tef. Mun fara da matsakaicin mita 104. Zuwa ƙarshen Janairu matsakaicin ya kai 118, mafi nisa 127. Duk ranar da ya ƙara mita biyu sai mun tsaya cin tsire a hanya.

Maganar kwando kuwa, turken lantarki ya fara yi wa jifa. A Fabrairu ya kai wa wani mai walda hoto a waya, ya zana masa awo a jikin takardar siminti yadda PDGA ta tsara: bakin kwando kimanin santimita 82 daga ƙasa, faɗinsa kimanin 66. Bayan kwana tara muka koma. Mai waldan ya turo shi waje yana murmushi.

"Malam, na ga wanda ka zana ya yi matsatsi, sai na ƙara maka faɗi. Ba sai ka ƙara ko kwabo ba."

Na sa tef. Santimita 81. Sarƙar kuma irin wadda ake ɗaure janareto da ita ce, mai kauri, ya zuba ta sosai har ba ka hango turken tsakiya. Muka dubi juna, muka yi godiya. Lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta yi ɓatan dabo, wanda ya yi maka aiki ya yarda da taransfa ba ka tsaya yi masa ƙorafi.

Aka kafa kwandon a tsakar gida. Ba ya mayar da komai. Ko faifan ya zo ta gefe, ko ya zo da ƙarfi, ko ya zo sama-sama, sarƙar nan za ta haɗiye shi. Daga mita 7 littafina ya nuna 9 cikin 10, mako bayan mako. Muka ɗauka jifan kusa ya zauna, muka rage masa lokaci zuwa minti 15 a rana.

Maris zuwa Yuni 2023: zafi, marmara, damina

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, cikin tsananin zafi. Atisaye ya ragu zuwa sau biyu a mako. A wannan tsakanin ne faifai biyu suka lanƙwashe a but ɗin mota, don roba ba ta jure kwana cikin ƙarfen da rana ta gasa.

Akwai kuma wata ɓarna da ke tafiya sannu, ba mu lura ba. Ƙasar gonakin da tsakuwa da marmara, duk faɗuwa sai ta ɗan ci bakin faifan. Mai jifa da hannun dama ta bayan hannu, sabon faifai ya kan miƙe sannan ya karkata hagu a ƙarshen tafiyarsa. In bakinsa ya cinye, sai ya riƙa jirkicewa dama tun da wuri. Faifansa suna canzawa kaɗan-kaɗan, hannunsa yana bin su kaɗan-kaɗan, har ya zama jifansa ya dace da waɗannan tsofaffin faifai kaɗai.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gonaki suka rufe. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, zuwa Shika sau huɗu a mako ya zama labari. Muka koma filin ƙwallon wata firamare, tsawonsa bai fi mita 90 ba, shi ma sai 'yan ƙwallo sun tashi. Halaye biyu suka kama shi a nan, na gan su ban ce komai ba. In ya kuskure kwando, nan take ya zaro wani faifan ya sake. In ya yi jifan kusa kuma, ƙafarsa ta baya ta kan biyo shi ta taka gaba.

Kafin ya tashi muka yi yarjejeniya: bayan kowane zango zai rubuta inda kowane jifa ya tafi, da dare ya turo mini ta WhatsApp.

Yuli 2023: gasar farko

Filin cikin daji yake. Dogayen itatuwa ne masu miƙaƙƙen jiki, a tsaye kamar sojoji, an yanka hanya a tsakaninsu wadda wani wurin ba ta fi mita huɗu ba. Mizanin zagaye 57. Cikin zango 18, huɗu ne kawai suka wuce mita 130, yawancinsu ba su kai 100 ba. Nisan da ya kwashe wata huɗu yana tarawa, babu inda zai zuba shi.

Mutum 44 ne a rukunin, aka raba su huɗu-huɗu. A wasan nan ba a bin kowane rukuni da alƙali. 'Yan wasa su ne alƙalan juna: wani ya ga laifi ya faɗa, wani ya tabbatar, shi ke nan an rubuta maka jifan hukunci.

Zango na farko mita 92 ne. Ya ɗauki tsohon faifan da ya fi yarda da shi, ya saki kamar yadda ya saba. Iskar can mai sanyi ce kuma ta fi ta Zariya nauyi, don mu muna kan tudu sama da mita 600 ga kuma zafi, faifai kuwa ya fi saurin jirkicewa a iska mai nauyi. Faifan da marmara ta riga ta ci ya kwanta dama, ya daki itace a mita 30, ya koma cikin ciyayi. Da ya ga haka ta faru sau uku, sai ya koma ga sababbi biyu da ya saya a ranar jajibiri, iri ɗaya da nasa, suna ɗaya, lamba ɗaya. Su kuma suka riƙa tsinkewa hagu. Ya rasa tudun dafawa.

A zango na 6 faifansa ya tsaya mita 6 da kwando. Ya jefa, ya daki sarƙa ta gefen dama, inda kwandon gida zai karɓa hannu biyu. Wannan ya tofar da shi. Kafin ya ankara hannunsa ya riga ya zaro faifai na biyu ya jefa, ya shiga tsaf. Wurin ya yi tsit. Wani yaro ɗan shekara 17 da ke rukunin ya ce masa cikin ladabi wannan jifan gwaji ne, doka ta hana shi a tsakiyar zagaye, hukuncinsa jifa ɗaya. Ya san dokar. Hannunsa ne bai sani ba.

Yaron nan dai shi ya sake kama shi a zango na 11. Akwai da'ira ta mita 10 kewaye da kwando, wanda ya yi jifa daga cikinta dole ya nuna ya tsaya daram kafin ya taka gaba da alamarsa, wato alamar wurin da faifansa ya faɗi. Ƙafar baya ta biyo shi, wani ya tabbatar, aka rubuta. A zagaye na biyu aka sake kama shi da wannan. A nan ne kuma faifai ɗaya ya ɓace masa cikin ciyayi, aka cika minti uku da doka ta bayar ana nema, ya koma inda ya yi jifan da ƙarin hukunci.

Sakamako: 68, 71, 66. Jimla 205, wato jifa 34 sama da mizani. Ya zo na 41 cikin 44. Makin zagayensa ya tsaya kusa da 880, ƙasa da inda yake kafin ya fara duk wannan shiri.

Agusta zuwa Oktoba 2023: lissafi, da gyaran da bai yi ba

Da ya dawo muka zauna a zauren gidansa da littafi. Shi fassararsa ita ce faifai ne suka ci amanarsa, a samo sababbi, a ƙara ƙarfin hannu. Ni na ce mu ƙirga tukuna.

Cikin da'irar mita 10, ban da na dab da kwando, ya yi jifa 44, ya zura 23. Ya zubar da 21. Jifan hukunci 10: shida na fita iyaka, wato faifai ya faɗi wajen layin da aka shata wa zango, biyu na taku, ɗaya na gwaji, ɗaya na ɓatan faifai. Jifan farko ya daki itace sau 19 cikin 54. Babu zango ko ɗaya da za a ce ƙarancin nisa ne ya ja masa asara.

Ya daɗe yana kallon 23 cikin 44 ɗin nan. Sannan ya tashi ya leƙa tsakar gida inda kwandon yake, ya ce, "Ashe wannan maƙaryaci ne."

Matakin da ya fara ɗauka bai yi aiki ba. Ya ɗaure tsakiyar sarƙar da jan ƙyalle don ya riƙa nufin wuri ɗaya, ya tara duk faifan kusa da yake da su, ya tsaya a mita 7 yana jifa 200 kullum. Mako biyar ana haka. A littafi abin ya yi kyau. Amma na gwada shi wata Asabar: na sa shi ya zaga bayan gida ya dawo, ya jira minti biyar, na ajiye alama inda na ga dama, na ba shi faifai ɗaya. Sau 20 muka yi, ya taɓa jan ƙyallen sau 9. Mai jifa 200 a tsaye, jifa na farko ne kawai yake kama da na gasa, sauran 199 gyaran na baya ne. Ga shi kuma gwiwar hannunsa ta fara ciwo, dole ya huta mako uku.

Nuwamba 2023 zuwa Yuni 2024: gonar Kawu

Abu na farko, sabon kwando. Muka koma wurin mai waldan nan, amma wannan karon mun wuni a shagon da tef a hannu. Faɗi 66. Sarƙa marar kauri, zara 24, layi biyu, ciki da waje. Yana yi yana girgiza kai.

"Malam, mutum ya biya kuɗi a ƙuntata masa? Ban taɓa gani ba."

Ranar farko daga mita 7 ya zura 5 cikin 10. Wannan ce lambar gaskiya ta farko da na rubuta a littafin game da jifan kusa.

Abu na biyu, itatuwa. Kawunsa yana da gonar mangwaro a bayan Bomo, da layuka biyar na bishiyar turare da aka dasa a gefen arewa don tare iska. Muka je da goro. Dattijon ya saurara har ƙarshe.

"Yanzu kai, ɗan nan, duk karatun da ka yi, jifan bishiya ya rage maka?"

"Kawu, kaucewa bishiya nake so in koya."

Ya yi dariya ya ce a je, amma a kiyaye masa mangwaro. Muka fitar da zango tara, daga mita 55 zuwa 105. Kwando ɗaya gare mu, saboda haka yaro ke ɗaukarsa a baro daga zango zuwa zango, abin da ya sa zagaye ke cin kusan awa uku. Da farko mun ɗauki wannan a matsayin cikas. Daga baya muka gane haka gasa take: ka yi jifa ɗaya, ka jira, jikinka ya huce, a sake kiranka.

A Janairu mangwaro ya yi fure, faifai ya kaɗo wani reshe, Kawu ya ga furen a ƙasa, ya hana shiga sai bayan an tsinke. Muka tattara muka koma layukan turare. Nan ne ma aka dace. Mangwaro gajere ne mai faɗin kai, yana tilasta maka jifa ƙasa-ƙasa. Turare kuwa dogo ne siriri, tazarar layukan mita huɗu, kusan hoton dajin da ya kayar da shi. A nan ya ajiye manyan faifan nisa ya koma ga masu matsakaicin gudu, waɗanda ba sa kaucewa da yawa in an ɗan yi kuskuren saki. A nan kuma ya koyi jifan gefe, wanda ke ƙarewa dama maimakon hagu, don wata ƙofar ba ta buɗuwa sai ta wannan hannun. Dukan itace ya sauko daga 4 cikin zango tara a Janairu zuwa 1 ko 2 a Mayu.

Abu na uku, doka. Muka kafa sharaɗi: wuri ɗaya, faifai ɗaya, jifa ɗaya. Na zauna da yara uku na fassara musu dokokin taku, da na iyaka, da daƙiƙa 30 da ake ba mai jifa, na ce duk wanda ya kama Malam da laifi wani ya tabbatar yana da naira 100. Ba a taɓa samun alƙalai masu ido irin waɗannan ba. Makon farko ya biya 1,100. Zuwa Maris yaran suna ƙorafin kasuwa ta mutu. Da yake daga 2024 PDGA ta wajabta wa kowane ɗan wasa rubuta makin dukan rukuninsa, sai muka sa yaran su ma su riƙa jifa, shi yana rubuta na kowa.

Hunturu, wanda a shekarar farko muke neman ya biyo bayanmu don ya ƙara mana mita, wannan karon fuskantarsa muka yi. Iskar gaba tana ɗaga faifan kusa, ta baya tana danne shi. Ya riƙa zagaya kwandon yana jifa daga kusurwa huɗu, guda ɗaya a kowace, har ya daina tunani kafin ya gyara tsayin hannunsa.

Azumin 2024 ya fara ranar 11 ga Maris. Ba mu tsaya ba, lokaci muka sauya: jifa 20 bayan asuba, 20 bayan tarawihi a ƙarƙashin fitilar sola, kowanne daga sabon wuri. A ƙarshen Afrilu, daga mita 7, yana zura 8 cikin 10 a kwandon gaskiya.

Batun faifai kuɗi ne ya yanke shi. Naira ta faɗi har dala ta kai wajen 1,500, faifan dala 20 ya zama naira dubu 30 kafin kuɗin kawowa. Saye ya fita daga lissafi. Sai ya ware guda shida masu roba mai tauri, cikinsu har da sababbin nan biyu da suka ba shi kunya, ya ce su ne na gasa. Ba sa kwana a mota, ba sa taɓa marmara, sai ƙasar gona mai ganye. Matsakaicin nisansa ya sauko zuwa mita 111. Abin ya dame shi, ya yi ta maimaita mini lambar.

Saura ruwan sama. A Yuni muka riƙa tsoma faifai a bokiti, ya goge da tawul ya jefa, wani lokacin ma mu fita cikin yayyafi. Littafi ya nuna babu wani bambanci, muka rufe babin.

Yuli 2024: gasa ta biyu

Gasar dai ita ce, filin shi ne, mizani 57. Mutum 46.

Zagaye na farko ya yi 61. Ya ce hannunsa na rawa har zango na huɗu. A zango na farko, inda bara ya daki itace a mita 30, ya ɗauki faifai mai matsakaicin gudu ya ajiye shi mita 12 da kwando, ya matso, ya zura a na uku. Ba abin tafi ba ne, amma mizani ne.

Zagaye na biyu, da yammacin Asabar, ya yi 58, mafi kyau a rayuwarsa ta gasa. Iska ta taso a rabi na biyu, abokan rukuninsa biyu suka fara zubar da na kusa, shi kuwa ya zura bakwai a jere daga mita 5 zuwa 9. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi inda ya koyi jifa cikin iska. Ya ce masa akwai wata iska da ke tasowa daga Sahara, wata uku take yi ba ta gajiya. Ya kwana yana na 15, kuɗi kuma za su tsaya a kan na 18.

Lahadi aka tashi da ruwa, sanyi kusan digiri 11. Tawul biyu ya zo da su, duka suka jiƙe kafin zango na biyar. Ba santsin faifan ne ya fi cutarsa ba, yatsunsa ne suka mutu, ba ya jin bakin faifan lokacin saki. Cikin zango bakwai na farko ya hau mizani da jifa biyar: na kusa huɗu sun zube, ɗaya ya fita iyaka. Wani dattijo a rukunin ya ga halin da yake ciki ya ba shi ɗan ƙunshin da ake sa wa a aljihu yana ɗumama hannu. Ruwan ya tsagaita a zango na takwas. A sauran 11 ya yi ƙasa da mizani da jifa ɗaya. Ya tashi da 61.

Jimla 180, jifa 9 sama da mizani. Na 21 cikin 46. Wanda ya zo na 18 ya yi 178. Makin zagayensa ya kai kusa da 950. Na kusa: 33 cikin 41. Jifan hukunci uku, duka na fita iyaka. Dukan itace sau 9. Bai samu ko sisi ba.

Hukunci

Tsakanin 205 da 180 akwai jifa 25. Sha uku daga jifan kusa suka fito, bakwai daga raguwar hukunci, biyar da suka rage daga itatuwa da zaɓin faifai. Nisa bai ba da ko ɗaya ba, hasali ma ya ragu da mita bakwai ba tare da an ji a jiki ba. A ganina wata huɗun farko da muka yi a gonakin Shika asara ce, kuma abin da ya sa muka yi ta shi ne nisa yana da daɗin aunawa: ka ja tef, ka ga lamba ta hau, ka ci tsire.

Babban laifin shekarar farko na kwandon ne, amma kwando ba ya auna kansa. Ni na sa masa tef, na ga 81 inda ya kamata in ga 66, na yi shiru saboda kunyar mai walda da ƙarancin kuɗi, sannan na kwashe wata biyar ina rubuta 9 cikin 10 kamar gaskiya. Haka takun ƙafa da sake jifa, a gabana suka zama ɗabi'a. Wanda ke shiri shi kaɗai, a wurin da babu mai ce masa ka yi laifi, kayan awonsa su ne abokan karawarsa, kuma namu sun yi masa sassauci. Abubuwan da suka yi aiki a shekara ta biyu duka iri ɗaya ne: kwando mai tofarwa, yara masu neman naira 100, jiran baro, ƙofar mita huɗu. Kowannensu ya mayar da atisaye ya yi wuya daidai da gasa. Jifa 200 a tsaye ya gaza ne don ya ƙara yawan aiki bai ƙara kamarsa da gasa ba.

Ba zan ɗora dukan jifa 25 a kan atisaye ba. Karo na biyu ne a fili guda, ya san inda iyakoki suke, ya san yadda ake zama cikin rukuni, kuma wani kaso na ci gaban daga nan yake. Haka kuma 950 a gasa ɗaya ba ta mayar da mutum ƙwararren da zai ci abinci da wasan ba. Tsakaninsa da masu 1000 akwai jifa biyar zuwa shida a kowane zagaye, kuma can ne nisa zai fara tambayarsa.

Jifa biyun da suka raba shi da kuɗi kuwa, a bokitin Yuni muka zubar da su. Mun gwada jiƙa, ba mu gwada sanyi ba. Ruwan daminar Zariya ɗumi gare shi, yatsa ba ya mutuwa a cikinsa, shi ya sa littafi ya ce babu matsala, mu kuma muka sake yarda da littafi. Daga Satumba 2024 muka fara sayen ƙanƙara wurin masu firji a kasuwar Samaru. Ya kan tsoma hannu minti biyu, ya goge, a ajiye masa alama. Awon farko, daga mita 7: 5 cikin 10.